Darasi na 9: Gano Dalilin Zafin Inji a Motar Gudu

Ba duk man da injin fetur ya sha ne ke zama tafiya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga tayoyi, kashi ɗaya ya fice ta salansa, ragowar kuma ya maƙale a jikin ƙarfen injin, sai ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto iska ta ɗauke. Idan inji ya ninka ƙarfi, zafin da ruwa zai kwasa shi ma ya ninka. Matsalar motar gudu ke nan, wato ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ke kwance a ƙasa: injinsu babba ne, wurin da aka cusa shi matsattse ne, hancin motar kuma siriri ne don ya tsaga iska, saboda haka ƙofar da iska ke shiga lagireto ba ta da faɗi. Lalurar da motar gida za ta yi wata tana jurewa, motar gudu ba ta kai mako da ita.

A wannan darasi za mu riƙe mota ɗaya mu bi ta daki-daki, Porsche Boxster ta farko, wadda kamfanin Porsche na birnin Stuttgart a Jamus ya fitar a 1996. An zaɓe ta ne domin injinta yana bayan kujerar direba, lagiretocinta kuma suna can gaba, don haka duk wata matsala ta hanyar ruwa takan fito fili a jikinta. Wanda ya iya wannan, Corolla ba za ta ba shi wahala ba.

Hanyar da ruwa ke bi

Famfon ruwa ne ke tura ruwa cikin ramukan da ke kewaye da silinda da tof silinda. Idan ruwan ya ɗau zafi, tamostat ya buɗe masa hanya zuwa lagireto, ya huce, ya dawo. Fanka tana jawo iska idan mota ba ta gudu. Gorar ruwa tana karɓar ƙarin da ruwa ke yi idan ya kumbura. Murfi kuma yana riƙe matsi.

Murfin nan shi aka fi rainawa, alhali rabin aikin a wuyansa yake. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a gaɓar teku, a wuri mai tudu irin Jos kuwa tun wajen 96. Injunan zamani kuma suna aiki ne tsakanin 90 da 105. Abin da ya hana ruwan tafasa shi ne matsin da murfi ke tsarewa. Matsin "bar" 1, wato kusan 15 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya, yana ɗaga tafasar ruwa zalla zuwa 120, na ruwan kulan da aka haɗa rabi da rabi kuma zuwa kusan 128. Idan robar murfi ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, wannan tazarar ta tafi. Motar za ta riƙa amayar da ruwa alhali lagireto lafiya lau, famfo lafiya lau. Ku karanta lambar da ke jikin murfin, 0.9 ne ko 1.1 ko 1.4, ku sayi daidai ita.

Idan allura ta hau ana cikin tafiya

Ku koya wa masu motocin da kuke gyarawa wannan, domin yawancin ɓarnar kafin mota ta iso gareji ake yin ta. Direba ya kashe esi, ya kunna hita ya ƙure ta, ya sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin dashbod, tana taimakawa wajen fitar da zafi. Idan allura ba ta fara sauka ba, ko ta taɓa ja, ya sauka gefen titi ya kashe inji nan take. "Bari in lallaɓa in kai gida" ita ce maganar da ta fi kowace cinye tof silinda.

Kada ya taɓa murfi sai aƙalla rabin awa ta wuce, tiyon sama ya yi laushi a hannu. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsi ne kawai ya danne shi. Ana buɗewa zai tashi gaba ɗaya ya watsu a fuska da ƙirji. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin injin da ke huci, alminiyam na iya tsagewa.

Idan hitar da aka kunna ta hura iska mai sanyi alhali allura tana sama, ruwa ya yi ƙasa sosai ko famfo ba ya turawa. Wannan mota ba ta tuƙuwa, sai dai a ja ta.

Tambayar farko: yaushe take yin zafin?

Mai mota zai zo ya ce, "Oga, motar nan tana obahitin." Kafin ku ɗauki sifana, ku zaunar da shi. A cunkoso take yi ko a babban titi? Da esi ko babu? Tana cin ruwa? An taɓa mata wani abu kwanan nan? Amsoshin nan su ne rabin binciken, kuma bakaniken da ya tsallake su zai ƙare da canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mutane.

Motar da ke zafi a tsaye ko a cunkoso, amma da ta samu titi allura ta sauko, iska ce ba ta samu. A guje iskar hanya ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai. To ku nufi fanka: fis, rile, waya, sensa, sannan motar fankar kanta. Ku kunna esi mota na sulo. A yawancin motoci fanka kan tashi nan da nan. Boxster tana da fanka biyu, ɗaya bayan kowane lagireto, kowace da ƙaramin gudu da babba. Ƙaramin gudun yana bi ta wata rezisto da ke yawan ƙonewa. Idan ta ƙone, fanka ba za ta motsa ba sai zafi ya kai inda kwamfuta za ta kira babban gudu, sai ka ga allura tana hawa tana sauka a cunkoso, fanka ta tashi da ƙara kamar za ta tsinke, ta yi shiru. Ku durƙusa gaban kowace tayar gaba ku saurara, ku sa hannu ku ji iska. Sau da yawa gefe ɗaya ne ya mutu.

Motar da ke lafiya a cikin gari amma take ɗaukar zafi idan an taka ta a babban titi ko a hawan tudu, labarinta daban. Iska ta wadata, fanka ba ta da laifi. Ko dai ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya kasa fitar da zafin da ake kawo masa. A nan ake duba toshewar lagireto ciki da waje, da fukafukan famfo, da tamostat da ke buɗewa rabi, da bel mai santsi. Ku sa wani ya ba da wuta ku kalli tiyon ƙasa: idan ya tsufa, famfo kan tsotse shi ya lanƙwashe ya shaƙe hanyar ruwa, da an saki totur ya koma yadda yake, ba wanda zai ce ya yi laifi. Ku leƙa ƙarƙashin mota kuma. Robobin nan da ke rufe cikinta da waɗanda ke kewaye da lagireto ba ado ba ne, su ke tilasta wa iska ta ratsa lagireto maimakon ta zagaye shi. Ana yawan cire su wurin gyara a jingine a bango, ba a mayarwa.

Idan kuwa mota ta ɗau zafi cikin 'yan mintoci da tayarwa, tiyon da ke kai ruwa lagireto yana nan da sanyi, tamostat ya ƙulle ko famfo ya mutu.

Yanayi na huɗu shi ne allurar da ke wasa, ta hau ta faɗo ba dalili, hita ta yi zafi ta yi sanyi, musamman bayan an zubar da ruwa an sake zubawa. Iska ce ta maƙale a ciki.

Kada ku yarda da allurar dashbod ɗari bisa ɗari. A motoci da yawa an yi ta ne ta tsaya a tsakiya ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada direba ya riƙa firgita, sai abin ya yi nisa take motsawa. Ku jona na'urar bincike a soket ɗin OBD, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001, ku karanta ainihin lambar. Bindigar auna zafi ma tana da amfani: ku haska tiyon shiga da na fita, ku bi fuskar lagireto. Inda kuka samu wuri mai sanyi a tsakiyar masu zafi, nan ya toshe.

A jikin Boxster

Shekara da shekaru iska ce ke sanyaya injin Porsche 911, tun daga 1964 har samfurin 993 da aka daina a 1998. Boxster da 911 samfurin 996, wanda ya fito a 1997, su ne suka kawo injin silinda shida mai ruwa cikin motocin kamfanin na yau da kullum, kuma gabansu kusan iri ɗaya ne. Lagireto biyu ne, ɗaya a kowace kusurwa gaban taya. Boxster S tana da na uku a tsakiya. Dogayen bututu sun bi ƙarƙashin mota sun haɗa su da inji. Ruwan da ke cikin wannan hanya ya kama daga lita 17 zuwa sama da 20 gwargwadon samfuri, inda motar gida ke shan wajen 6.

Ku haska tocila cikin ramin iska na bamba. Abin da za ku fara gani kwandensar esi ce, lagireto yana bayanta, tsakaninsu ɗan rata. Ramin yana dab da ƙasa, duk abin da ke kan titi yana shiga: ganye, leda, guntun sigari, yashi, fukafukan ƙwari. Suna taruwa a lungun baya su cushe kamar tsohon bargo, ruwan sama ya jiƙa su, su kwanta a jikin alminiyam har ya ruɓe ya fara tsattsafo. A Turai ganyen kaka ne ke yin wannan aiki. Motar da aka shigo da ita ta Kwatano ta zo da nata, sannan ƙurar hunturu da ledojin fiyawata su ƙara a kai, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Daga waje ba a iya share wurin. Sai an cire bamba, an sassauta kwandensa an ɗan janye ta ba tare da an kwance bututun gas ba, a kwashe dattin da hannu, a hura iska daga baya zuwa gaba. Ban da injin wankin mota mai ƙarfi, yana kwantar da siraran fukafukan lagireto.

Gorar ruwan Boxster tana cikin but na baya. Roba ce, shekaru da zafi kan sa ta koma ruwan ɗorawa ta tsage, galibi ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ku ɗaga kafet ɗin but ku taɓa. Danshi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi sun isa shaida. Idan ruwa ya yi ƙasa, jar fitila a kan agogon zafi takan riƙa ƙyaftawa a hankali.

Famfon Boxster kuma fukafukansa na roba ne. Idan boris ya fara girgiɗi, fukafukan su goga jikin inji su karye, gutsattsarin su bi ruwa su toshe ƙananan ramukan tof silinda, wurin ya riƙa ɗaukar zafi shi kaɗai har ya tsage. Saboda haka idan kun cire famfo kun ga fiffike ya ɓalle, ba a gama aiki ba sai an nemo gutsuren, a harhaɗa su a kan tebur a ga sun cika. Wasu na cewa a sa mai fukafukan ƙarfe a huta. Ni ban ba da wannan shawara ba: ranar da boris ɗinsa ya saki, ƙarfen zai ci jikin injin kansa, wanda ya fi famfo tsada nesa ba kusa ba. Gara a sa na roba mai kyau a canza shi kafin ya gaji.

Sai cire iska, inda masu koyo suka fi faɗuwa. Hanyar ruwa mai tsawo da hawa da sauka tana da lunguna da yawa. Abin da ya fi shi ne na'urar da ke zuƙe iskar hanyar gaba ɗaya da kwamfureso sannan ta tsotso ruwa ya cike gurbin. Idan babu, a saman gorar akwai bawul mai ɗan ƙarfe da ake ɗagawa tsaye. A ɗaga shi, a sa bayan mota ya fi gaba tudu, a ƙure hita, a zuba ruwa sannu a hankali, a tayar da inji ana ba shi wuta lokaci-lokaci har tamostat ya buɗe, tiyoyin gaba su yi zafi, fanka ta tashi. A bar ta ta huce sarai, a cika, a sake zagaye. Aikin yini ne, ba na gaggawa ba.

Kowace motar gudu da nata raunin. Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ta gaji injinta daga Mazda 323, inda yake kwance a gicciye. Da aka miƙe shi a tsaye, sai ruwa ya zama yana shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke baya ta fi sauran zafi. Robar saman lagiretonta idan ta tashi daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ta kusa fashewa. MGF ta Ingila, ta 1995, injinta ba ya ɗaukar ruwa da yawa, bututun ƙarfen da ke ƙarƙashinta suna tsatsa, ɗan yoyo kaɗan sai gasket ta ƙone.

Maganar cire tamostat

A garejojinmu abu ne sananne: mota ta sauka daga jirgi, a cire tamostat a yar, a haɗa fanka dairek, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Wannan kuskure ne, kuma a motar gudu kuskure ne mai tsada.

Tamostat ɗan bawul ne mai wani kaki na musamman a ciki, wanda ke narkewa ya kumbura ya tura ƙofa a zafin da aka rubuta a jikinsa, galibi tsakanin 82 da 92. Aikinsa ya kai inji zafin aiki da wuri ya tsayar da shi a nan. Ko a Maiduguri, digiri 45 sanyi ne ga injin da aka auna fistin da zobbansa don su zauna daidai a 90. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfuta tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, ta yi ta ƙara mai. Man ya wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai, filogi su yi baƙi. Akwai kuma abin da masu cirewa ba sa lura da shi. A injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsarewa: yana buɗe ta lagireto, yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji kawai. Idan babu shi, gajeriyar hanyar tana nan a buɗe, wani ruwan ba zai ƙara ganin lagireto ba, motar ta yi zafi a babban titi fiye da da.

Gwada shi ba wuya. Ku rataye shi da waya cikin tukunyar ruwa kada ya taɓa gindi, ku sa ma'aunin zafi, ku hura wuta. Ya fara buɗewa a lambar da ke jikinsa, ya buɗe sosai kafin ruwa ya tafasa ko dab da haka, ya rufe ruf idan ya huce. Wanda ya gaza ɗaya daga ciki, a canza shi.

Yoyo da gasket

Ruwa ba ya ƙarewa haka kawai a hanyar da take rufe. Idan mota tana cin ruwa, yana fita ta wani wuri. Ku ɗaura famfon gwaji a bakin gora inji na sanyi, ku buga iska daidai lambar murfi, kada ku wuce, ku jira kwata. Allurar ta sauka, akwai yoyo. Ku bi bakin tiyoyi, gindin famfo, kusurwoyin lagireto, da kafet ɗin ƙafar fasinja saboda hita. Busasshen kulan yana barin farin gari ko ruwan hoda.

Idan matsi yana sauka kuma ƙasa a bushe, ruwan ciki yake shiga. Alamomin gasket ko tsagewar tof silinda su ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kumfa da ke tasowa a gora ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri minti ɗaya da tayarwa tun ruwa bai ɗumama ba, filogi ɗaya ya fito fes ya bambanta da 'yan'uwansa, ko baƙin mai ya koma kalar madara. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin gora. Idan hayaƙin inji yana shiga ruwa sai ya koma rawaya. Ku yi wannan gwajin kafin ku furta kalmar gasket a gaban mai mota.

A Boxster ku ƙara taka-tsantsan. Tana da wata 'yar na'ura a kan inji inda ruwa ke sanyaya baƙin mai, bango siriri ne tsakaninsu. Idan ta fashe, mai zai bayyana a gora, mutum ya rantse gasket ce. Cire wannan na'ura a gwada ta aikin awa kaɗan ne. Buɗe tof silinda kuwa sai an sauke inji.

In ta tabbata gasket ce, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof silinda a zura filageji. Yawancin kamfanoni ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1, ku duba littafin motar. Sannan ku tuna gasket galibi zafi ne ya ƙona ta. Fanka ko famfo ko yoyon da ya jawo zafin yana nan yana jiran sabuwar.

Ruwan da ake zubawa

Ruwa zalla ya fi kulan kwasar zafi, gaskiya ne, kuma filayen tsere da yawa ma sun hana kulan domin idan ya zube yana sa kwalta santsi. Amma motar tsere ana zubar da ruwanta kullum. Motar titi tana buƙatar magungunan hana tsatsa da ke cikin kulan, musamman injin alminiyam. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa a siraran bututun lagireto. A haɗa kulan da tataccen ruwa, wanda ake sayarwa don batir amma marar asid, rabi da rabi, ko a sayi haɗaɗɗe. Kala ba ta nuna iri; ku karanta bayan galan ku gwada da abin da littafin mota ya ce, domin gauraya iri biyu da ba sa jituwa kan haifar da laka. Kulan guba ne mai zaƙi. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a bar shi a buɗaɗɗen bokiti inda yara ko awaki za su kai baki.

Aikin gareji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samu mota mai sanyi, ya gwada murfinta da hanyar ruwanta da famfon gwaji, ya rubuta lambar farko da ta bayan kwata. Sannan a tayar da ita da na'urar bincike a jone, a riƙa rubuta zafi kowane minti biyu, a lura da lambar da tiyon lagireto ya ɗau zafi da lambar da fanka ta tashi.

A rubuce kuma ku amsa wannan: an kawo Boxster da aka canza wa famfo makon jiya. A cunkoso lafiya take, a babban titi allura tana hawa tana sauka, hita wani lokaci sanyi take hurawa, ƙasa a bushe. Me za ku tambayi wanda ya yi aikin, me za ku fara dubawa, kuma wane gwaji za ku yi kafin ku taɓa tof silinda?